Gwajin Fitsari da Matsayinsa Wajen Gane Ciwon Sukari

Tun kafin zuwan asibiti Hausawa sun san fitsari yana ba da labarin abin da ke cikin jiki. In yaro ya saba wanka a kududdufi, sa'an nan aka ga jini a ƙarshen fitsarinsa, ba a bukatar likita kafin a ce tsargiya ce. In fitsarin mutum ya yi duhu kamar ruwan shayi, idanunsa kuma suka yi rawaya, sai a ce shawara ta kama shi. Akwai kuma alama ta uku wadda mutane da yawa suka sani, watau a ga kiyashi sun taru inda wani ya tsuguna, sai a soma raɗe-raɗin ko yana da ciwon sukari. Alamu biyun farko ido ne ke ganinsu. Ta ukun kuwa ido ba ya ganinta sai da taimakon ƙwaro, domin fitsarin mai ciwon sukari galibi garau yake, ya ma fi na mai lafiya haske. Daga nan ne aikin gwaji ya samo asali, watau neman dabarar da za ta nuna abin da ido ya kasa gani, ba tare da an jira kiyashi ba, ba kuma tare da an sa wa harshe ƙazanta ba.

Batun ya cancanci kulawar malaman kwalejojin horon malamai, domin su ke koyar da waɗanda za su koyar da kiwon lafiya da Hausa, ga shi kuwa wani kuskure ya yi kaka-gida a tsakanin jama'a. Mutum ya kai fitsarinsa a gwada, a ce masa ba a ga kome ba, sai ya koma gida da yaƙinin ba shi da ciwon. Sau da yawa yana da shi. A ƙididdigar da Ƙungiyar Ciwon Sukari ta Duniya ta fitar a 2021, manya miliyan 537 ne ke da ciwon a duniya, miliyan 24 daga cikinsu a Afirka kudu da Sahara, kuma fiye da rabin waɗannan ba su san suna da shi ba.

Sunan ciwon

Kalmar sukari baƙuwa ce da ta daɗe har ta zama 'yar gida. Daga Larabci ta shigo, Larabawa sun are ta daga Farisa, su kuma Farisawa daga harsunan Indiya. Ita kuwa suga, wadda ta fi yawa a bakin mutanen birni, ta bakin Turawan Ingila ta zo, amma in an bi salsalarta sai a tarar su ma Turawan ta hanyar Larabci ta isa gare su. Ashe 'yan uwan juna ne, ɗaya ta biyo ayarin Sahara, ɗaya ta biyo jirgin ruwa.

Sunan da likitocin Turai ke kiran ciwon da shi na Yunananci ne, diabetes, ma'anarsa abin da ruwa ke ratsawa ya wuce, kamar bututu. Aretaeus, wani likita mutumin Kafadokiya a ƙasar Turkiyya ta yau, wanda ya rayu wajen ƙarni na biyu na Miladiyya, shi ne ya yi wa ciwon siffar da ta fi shahara, ya kamanta shi da narkewar tsokar mutum tana fita ta hanyar fitsari. Sunan Turawa ke nan ya kama yawan fitsarin, na Hausa kuwa ya kama zaƙinsa. A wannan wuri Hausa ta fi dacewa. Akwai wani ciwo dabam mai sa yawan fitsari da ƙishirwa, amma babu sukari a cikinsa ko kaɗan, dalilinsa rashin wani sinadari ne daga ƙarƙashin ƙwaƙwalwa mai umurtar ƙoda ta riƙe ruwa, ko kuma ƙodar ta ƙi jin umurnin. Johann Peter Frank ya rarrabe shi da ciwon sukari a 1794, duk da haka suna ɗaya ya ci gaba da haɗa su a Turai, har a 2022 ƙungiyoyin likitoci suka ba da shawarar a canja masa suna, saboda an sha rikita majinyatansa da masu ciwon sukari. Bahaushe ba zai yi wannan ruɗani ba.

Amma fa sunan Hausa yana da nasa aibu. Wanda ya ji an ce ciwon sukari, zuciyarsa takan tafi ga farin sukarin da ake zubawa a shayi ko kunu, sai ya ce shi ai bai damu da zaƙi ba, ina zai same shi? Alhali kuwa sukarin da ake nufi wani iri ne da ake kira gulukos, wanda jiki ke samu daga tuwo da fura da shinkafa da rogo da burodi, duk abin da ke da sitaci. Ya kamata malami ya riƙa cewa gulukos ko sukarin jini in wannan yake nufi, ya bar wa ɗayan sunan sukarin shayi.

Har wa yau akwai kalmomi uku da ɗalibai kan haɗa, ya kamata a raba su. Yoyon fitsari lalura ce ta hujewar mafitsara, galibi bayan doguwar naƙuda, ba ruwanta da sukari. Fitsarin kwance al'adar ƙuruciya ce. Yawan fitsari shi ne alamar da ake magana a kai. Sai dai in yaron da ya daɗe da barin fitsarin kwance ya koma yi, ga ƙishirwa ga rama, to, ruwa ba ya tsami banza, gwaji yake bukata a ranar, ba bulala ba.

Matsala mafi nauyi ita ce sunan gaɓar da ke yin insulin. Masu fassara da yawa sukan ce saifa, wannan kuwa kuskure ne, domin saifa gaɓa ce dabam, a hagun ciki ƙarƙashin haƙarƙari, wadda ke kumbura ga mai yawan zazzaɓin cizon sauro. Gaɓar da ake nufi tana kwance ne a bayan tumbi. A nan za a kira ta fankiriyas, da yake gara baƙon suna na gaskiya da sunan gida na ƙarya.

Daga harshe zuwa tsinke

Wata takardar magani ta Misra, wadda aka rubuta wajen shekara 1550 kafin Miladiyya, ta ambaci maganin yawan fitsari. Likitocin Indiya na dā, irin su Sushruta, sun san zaƙin, har suka sa wa ciwon suna mai ma'anar fitsarin zuma, suka kuma lura da taruwar tururuwa a kansa. Jalinusu, babban likitan Rumawa, ya ce sau biyu kaɗai ya taɓa ganin ciwon, ya kuma ɗora laifinsa a kan ƙoda. Wannan ra'ayi nasa ya yi mulki fiye da shekara dubu.

A zamanin daulolin Musulunci duban fitsari ya zama fanni mai zaman kansa. Ishaƙa ɗan Sulaimanu al-Isra'ili, likita Bayahude haifaffen Misra, ya zauna a Ƙairawan, garin mai Risala, a farkon ƙarni na goma, ya wallafa littafi sukutum a kan bawali, wanda aka juya zuwa Latin aka yi ta karantawa a makarantun likita na Turai ƙarni bayan ƙarni. Ibn Sina, wanda ya rasu a 1037, ya jera abubuwa bakwai da likita zai duba a kwalbar majinyaci: launi, da kauri, da tsabta ko gurɓata, da abin da ya kwanta a ƙasa, da yawa, da wari, da kumfa. Ya san wasu suna ƙarawa da taɓawa da ɗanɗanawa, amma ya bar su. Ba wanda zai zarge shi. Sai dai a cikin bakwai ɗin nan babu wanda ke nuna sukari kai tsaye, abin da aka bari shi ne mabuɗin.

Thomas Willis, likita a Ingila, shi ne ya sanar da Turai zaƙin a 1674. Bayan shekara ɗari da 'yan kai, a 1776, Matthew Dobson na Liverpool ya ɗora fitsarin wani majinyaci a wuta mai sauƙi har ya ƙafe, ya sami wani abu a gindin tukunya mai kama da sukari ga ido da harshe. Ya kuma lura ruwan jinin majinyacin ma yana da zaƙi. Wannan lura ta biyu ta fi ta farko muhimmanci, domin ta nuna sukarin yana cikin jini tun kafin ya isa ƙoda. A 1815 Chevreul, masanin kimiyyar sinadarai a Faransa, ya tabbatar irin sukarin da ke cikin inabi ne, watau gulukos.

Da aka san ko wane ne, sai aka shiga neman yadda za a kama shi. Gulukos yana da wata ɗabi'a, in an tafasa shi da ruwan gishirin tagulla mai launin shuɗi, sai ya juya tagullar ta zama jan gari ta kwanta. Trommer ya yi amfani da wannan a Jamus a 1841, Fehling ya kyautata shi kafin 1850, sa'an nan Stanley Benedict na Amurka ya haɗa ruwan da ya fi su daɗewa bai lalace ba, a 1908. Da irin wannan gwaji ne aka gano tushen ciwon. A 1889, a Strasbourg, Oskar Minkowski da Joseph von Mering suka cire wa kare fankiriyas don binciken narkewar abinci, sai karen ya shiga fitsari ba ƙaƙƙautawa. Minkowski ya gwada fitsarin ya tarar da shi cike da sukari. Ana yawan cewa ƙudaje ne suka tona asirin, labarin yana da daɗin ji, amma gwaji ne ya tabbatar. Ƙoda ta fita daga zargin da Jalinusu ya ɗora mata.

Ruwan Benedict har yanzu yana ɗakunan gwaji na makarantu, don haka ya kamata a faɗi yadda ake aiki da shi. Akan zuba mililita 5, kimanin cokalin shayi guda, a siririyar kwalbar gwaji, a ɗiga fitsari ɗigo 8, a tsoma kwalbar a tafasasshen ruwa minti 5. In babu sukari, shuɗin yana nan yadda yake. In akwai kaɗan sai ya koma tsanwa, in ya ƙaru rawaya, sa'an nan ruwan goro, in ya kai kashi 2 cikin ɗari ko fiye sai ya yi ja kamar jar ƙasa. Hausa ba ta rasa sunan ko ɗaya daga cikin matakan nan ba, abin da ba kowane darasin kimiyya ke samu ba.

Samuwar insulin a Toronto ta Kanada a 1921, da fara yi wa mutane allurarsa a Janairun 1922, ta mai da gwajin fitsari aikin gida. Mai shan allura tilas ya san ko ta ishe shi, saboda haka majinyata suka riƙa tafasa kwalba sau uku ko huɗu a yini. A 1941 kamfanin Ames ya fito da ƙwayar Clinitest, wadda in an jefa ta a fitsari ɗigo 5 da ruwa ɗigo 10 take tafasa da kanta, ba sai an hura wuta ba. A 1956 kuma aka fito da Clinistix, aikin Alfred Free da matarsa Helen Free, wanda shi ne kakan tsinken gwaji na yau.

Tsinken ya bambanta da ruwan tagulla ta hanya mai muhimmanci. A bakinsa akwai ɗan ƙyalle da aka jiƙa da inzayim, watau sinadarin halitta mai aiki a kan abu guda tak. Wannan inzayim gulukos kaɗai yake kamawa, ya juya shi, abin da ya fito daga juyin kuma ya rina ƙyallen. Ruwan Benedict kuwa ba ya tantancewa: sukarin madara, wanda kan fito a fitsarin mai shayarwa, da sukarin 'ya'yan itace, da bitamin C, da wasu magunguna, duk sukan juya shi.

A nan akwai gwajin da malami zai iya yi a aji ba tare da fitsari ba. Ya narkar da sukarin shayi a kofi ɗaya, zuma a ɗaya, ya tsoma tsinke a kowanne. Na zuma zai rine, na sukarin shayi ba zai motsa ba, kome zaƙinsa. Ɗalibin da ya ga wannan da idonsa ba zai sake ɗaukar sukari iri ɗaya ne ba. Shi kuma malamin da bai sani ba, ya zo aji da sukarin kanti don ya nuna aikin tsinke, kunya zai sha a gaban yara.

Yadda sukari ke isa fitsari

Duk abin da gwajin zai iya da wanda ba zai iya ba, a aikin ƙoda yake. Kowace ƙoda tana da ƙananan rariyoyi wajen miliyan guda. Jini na bi ta cikinsu dare da rana, suna tace ruwa kimanin lita 180 a kwana ɗaya, alhali fitsarin da mutum ke yi bai fi lita ɗaya da rabi ba. Saura duk komawa jini yake. Rariyar ba ta zaɓe, tana sakin ruwa da gishiri da gulukos tare da dattin da ake son fitarwa, sai a cikin siririn bututun da ke bayan kowace rariya ne ake tsince masu amfani a mayar.

Ana auna sukarin jini da miligiram nawa ke cikin kowane mililita 100. Mai lafiya da ya kwana bai ci kome ba yana tsakanin 70 da 100. Wasu asibitoci suna aiki da wani ma'auni, milimol, wanda ake samu in an raba wannan adadi da 18. In an tara dukan gulukos ɗin da ke yawo a jinin babban mutum, bai wuce cokalin shayi guda ba. Amma da yake jinin yana zagayawa ta ƙoda sau da yawa, abin da ke ratsa rariya a kwana ɗaya ya kai wajen giram 180, kuma kusan ba ko ƙwaya da ke salwanta.

Masu mayar da shi wasu ƙananan sinadarai ne a bangon bututun, ana iya kamanta su da 'yan dako a bakin kwale-kwale. Adadinsu ƙayyadadde ne, ƙarfinsu ma haka. Muddin kayan da ke sauka bai fi ƙarfinsu ba, sai su kwashe tas. In kaya ya yi yawa, abin da suka kasa ɗauka ruwa ya tafi da shi. Ga yawancin mutane wannan iyaka tana wajen 180. Sukarin da ya wuce kuma ba ya tafiya shi kaɗai, yana jan ruwa tare da shi. Wannan ne asalin yawan fitsari, shi ke haifar da ƙishirwa, kuma da yake abincin da aka ci yana zubewa, sai ga yunwa ga rama ga kasala.

To, ga inda gizo ke saƙa. Bisa ƙa'idar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta kafa a 1999, wanda sukarin jininsa ya kai 126 bayan awa takwas ba ci, ko ya kai 200 awa biyu bayan ya sha gulukos giram 75, yana da ciwon sukari. Tsakanin 126 da 180 akwai fili mai faɗi. Mutum na iya zama a cikinsa shekaru, ciwon yana cin jijiyoyin idonsa da na ƙafarsa da ƙodarsa a hankali, fitsarinsa na safe kuwa tsaf. Irin ciwon da ke kama manya haka yake shigowa, ba sallama. Akan sami wanda ranar da aka fara gane ciwonsa, an riga an ga ɓarna a idonsa.

Iyakar kuma ba ɗaya ba ce ga kowa. Ga tsofaffi da waɗanda ƙodarsu ta raunana takan hau, har jini ya haura 200 tsinke bai nuna kome ba, waɗannan kuwa su ne ciwon ya fi yawa a cikinsu. Ga mai ciki takan sauka, sai a ga sukari a fitsarinta jininta lafiya lau, shi ya sa ciwon sukarin masu ciki da jini ake nemansa, tsakanin mako na 24 da na 28. Akwai ma waɗanda suka gaji raunin 'yan dakon nan, suna zubar da sukari tun haihuwa, ba su da ciwon, ba kuma abin da ke damunsu.

Wani abu kuma, mafitsara randa ce, tana tara abin da ƙoda ta tsiyayo cikin awoyi. Abin da tsinke ya nuna labarin ɗazu ne, ba na yanzu ba. Don rage wannan likitocin dā sukan sa majinyaci ya zubar da na farko, ya jira rabin awa, ya kawo na biyu. Mafi haɗari duka, fitsari ba ya nuna faɗuwar sukari. Wanda jininsa ke 150 da wanda allura ta kai nasa 40, yana gumi yana rawar jiki yana gab da suma, tsinkensu iri ɗaya zai nuna. Wannan ne babban dalilin da ya sa, da na'urar awon jini ta fito a 1970 ta kuma shiga gidaje a shekarun 1980, masu shan insulin suka koma gare ta.

Shi kansa tsinken yana da lalurori. Bitamin C mai yawa yakan hana shi rina ko da akwai sukari. Kwalbar da aka wanke da bilic ba a ɗauraye ba takan sa ya rine ko da babu. Zafi da laima suna kashe inzayim, saboda haka gwangwanin da aka bari a buɗe da damina, ko a kan taga da bazara, ba abin dogara ba ne, haka nan wanda wa'adinsa ya wuce. Kuma tilas a duba launin a daidai daƙiƙun da aka rubuta a jikin gwangwanin, ba bayan an gama hira ba.

Hukuncin da ke fitowa daga wannan duka a fili yake. In an ga sukari a fitsari, zargi ne mai ƙarfi, sai a tabbatar da jini. In ba a gani ba, ba a wanke kowa ba. Inda babu hanyar awon jini, gwajin fitsari ya fi babu nesa, domin yana da araha, ba ya bukatar lantarki ko huda yatsa, kuma zai kama waɗanda ciwonsu ya yi nisa. Sai dai a yi shi awa biyu bayan cin abinci sosai, lokacin da sukari ke kan ganiyarsa, ba da sassafe ba kamar yadda mutane suka fi so.

Ya kamata a ƙara da cewa gwajin jini ma ba duka ne ke da tabbas a ƙasar Hausa ba. Akwai wanda ake kira HbA1c, mai auna gulukos ɗin da ya manne wa jajayen ƙwayoyin jini. Samuel Rahbar, likita ɗan Iran, ya lura da shi a jinin masu ciwon sukari a 1968, Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta yarda a 2011 a yanke hukunci da shi in ya kai kashi 6.5 cikin ɗari. Ƙarfinsa shi ne jajayen ƙwayoyin suna rayuwa wajen kwana 120, don haka yana ba da labarin wata biyu zuwa uku. Amma ga mai ciwon sikila ƙwayoyin ba su kai wannan kwanaki, sai awon ya fito ƙasa da gaskiya, wasu na'urorin ma sukan ruɗe ga mai ɗauke da gadon kawai, wanda a Nijeriya wajen mutum ɗaya ne cikin huɗu.

Abin da ya rage wa fitsari

Ko da yake jini ya karɓe aikin yanke hukunci, akwai abubuwa biyu da har yanzu fitsari ake tambaya.

Na farko kiton. In insulin ya ƙare ƙaf, kamar yadda yake faruwa a irin ciwon da ya fi kama yara da matasa, jiki ba ya iya cin gulukos ɗin da ya cika jininsa, sai ya koma ƙona kitse. Hanta tana juya kitsen ya zama kiton, masu tsami, su taru su gurɓata jini. Majinyaci ya shiga amai da ciwon ciki, numfashinsa ya yi zurfi kamar wanda ya yi gudu, bakinsa yana wani ƙamshi kamar na ruɓaɓɓen 'ya'yan itace, daga nan sai suma. Adolf Kussmaul ya siffanta wannan numfashi a 1874, Rothera kuma ya kyautata gwajin kiton a fitsari a 1908, a kansa ne tsinken yau ke aiki, yana rina zuwa shunayya. Kiton kaɗai ba abin tsoro ba ne, mai azumi da mai laulayin ciki da yaron da zazzaɓi ya hana ci duk sukan nuna kaɗan. Amma kiton mai yawa tare da sukari mai yawa, ga amai, wannan maganar asibiti ce a sa'ar, ba gobe ba. A ƙasashen da zazzaɓin cizon sauro ya yi yawa, yaron da aka kawo a sume akan ɗauka zazzaɓin ne ya hau kansa, alhali tsinke guda zai iya nuna inda matsalar take. Shi ma yana da iyaka, domin daga cikin kiton iri uku ba ya ganin wanda ya fi yawa a jini lokacin tsanani, saboda haka launi mai sauƙi ba ya kore haɗari in alamun suna nan.

Na biyu albumin, wani furotin na jini wanda girmansa ya hana shi ratsa rariyar ƙoda mai lafiya. Sukari mai yawa na shekaru yakan lalata rariyar, alamar farko kuma ita ce albumin ya soma ɗiga, tun majinyaci bai ji kome ba, tun ƙafa ba ta kumbura ba. A wannan mataki magani yana iya rage saurin ɓarnar ƙwarai, musamman sauke hawan jini da wasu irin magunguna masu kare ƙoda. Tsinken furotin na yau da kullum ba ya ganin wannan ɗan kaɗan, sai ya kai wajen miligiram 300 a kwana. Ana bukatar gwaji na musamman, wanda ke gwama albumin da wani datti mai suna kiriyatinin, in ya kai miligiram 30 a kowane giram sai a sa ido. Ba a yanke hukunci da gwaji ɗaya, sai biyu cikin uku sun nuna a tsakanin wata uku zuwa shida, domin zazzaɓi da aikin ƙarfi da haila da ciwon mafitsara duk sukan ɗaga shi na ɗan lokaci, haka nan tsargiya. Ƙa'ida ita ce a yi wa babba wannan gwaji tun ranar da aka gane ciwonsa, sa'an nan kowace shekara, mai irin na yara kuwa a soma bayan shekara biyar.

Akwai kuma wani sabon al'amari da ya juya tsohuwar ma'anar gwajin. A 1835 aka fitar da wani sinadari mai suna fulorizin daga ɓawon itacen tuffa, a 1886 kuma von Mering, abokin aikin Minkowski, ya nuna yana sa dabba zubar da sukari a fitsari. Abin da yake yi shi ne ɗaure hannun 'yan dakon nan na ƙoda. Daga gare shi aka ƙera wasu magunguna, irin su dapagliflozin da aka yarda da shi a Turai a 2012, waɗanda ke sauke sukarin jini ta hanyar zubar da shi da gangan, daga baya kuma aka tarar suna kare zuciya da ƙoda, har ana ba waɗanda ba su da ciwon sukari. Mai shan irin wannan magani tsinkensa kullum a rine yake, kiyashi ma za su taru, ko da jininsa yana daidai. Saboda haka ma'aikacin da ya ga sukari a fitsarin baƙon majinyaci, kafin ya ce masa kome, sai ya fara tambayarsa magungunan da yake sha, in da hali ya sa a kawo kwalayen ya duba.